Shekarar da Na Canki Wanda Za Su Ɗauka

Shekarun baya, lokacin ina yawon gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, a gidajen unguwar Safa a nan ƙasa mai tsarki, akwai wata ƙungiyar ƙwallon Amurka da na ɗora wa kaina kamar ubana ne ya kafa ta. Ba ƙwallon da muka sani ake bugawa da ƙafa nake nufi ba. Tasu ta can nake nufi, mai siffar ƙwai, wadda ƙarti ke sa hular kwano su yi ta ture juna a kanta. Har yau hannuna bai taɓa riƙe irin ƙwallon ba, amma a wancan lokacin da za ka tare ni a hanya, sai in jero maka 'yan wasan ƙungiyar tun daga na gaba har na benci.

Abokina ne ya jawo mini. Tare muka taso a Sa'alaba, layi ɗaya, makaranta ɗaya. Mahaifinsa mai tsire ne a bakin layinmu, kuma ba sau ɗaya ba ya miƙo mana yanka a takarda ya ce mu ɓace masa da gani. Da muka girma, wani kawun abokina ya nema masa karatu a Amurka, ya tafi wani gari mai tsananin sanyi. Ni na koyi sana'ata, daga baya ni da mahaifiyata muka bar unguwar muka koma Ruwais.

Shekarar farko kowane mako muna waya. Sannu a hankali hirar ta fara ƙarewa. Shi ya ce ƙanƙara, ni in ce zafi, sai mu yi shiru, sai ɗayanmu ya ce yalla, sai an jima. Wata rana ya turo mini bidiyo daga filin wasan garinsu, mutane sun cika maƙil suna ihu. Na tambaye shi me ya sa suke tsayawa kowane minti. Ya yi dariya ya fara yi mini bayani. Ranar sai da muka yi awa guda a waya. Da na ajiye sai na ce a raina, to, ga abin da za mu riƙa magana a kai. Da ɗan Turancina na takardun injin mukayyif na zauna na koyi wasan kaf.

Abin da ya fi kama ni ba wasan ba ne, zaɓen sababbin 'yan wasa ne. Kowace shekara wajen watan Afrilu ƙungiyoyin suna ɗaukar samari daga jami'o'i, bi da bi, kuma wadda ta fi shan kashi a bara ita ke fara zaɓa. A zagaye na farko ake kwashe gwanaye. Makonni kafin ranar, kowa ya zama boka, ana ta hasashen wa za a ɗauka. Mu ma muka mai da shi al'ada. Kowa zai turo saƙon murya ya faɗi wanda yake ganin ƙungiyarmu za ta ɗauka da hujjarsa, wanda bai canka ba kuwa sai ya riƙa kiran ɗan'uwansa ustaz har shekara ta zagayo. Sau uku a jere ina kiransa ustaz.

A shekarar da nake ba ku labari na ƙudura ba zan sake faɗuwa ba. Ƙungiyar ta sha wuya a kakar da ta wuce, don haka tana cikin goman farko a layi, kuma hanyoyi uku ne a gabanta. Ko ta ɗauki sabon mai jifa, wato wanda ke rarraba ƙwallo, ko wani yaro mai gudu da ke cafe ƙwallo da hannu ɗaya wanda duk masu sharhi suka mutu a kansa, ko kuma wani ƙato da aikinsa kawai ya tsaya a gefen hagu ya kare bayan mai jifa. Irin wannan ƙaton ba mai sayen rigarsa, ba mai sa hotonsa a waya.

Kusan wata biyu na yi ina nazari. Ina kan rufin bene a Safa, rana na dukana, ina wanke injin mukayyif na waje, kunnena toshe da muryar Amurkawa suna gardama a kan tsawon hannun wani yaro. Wani dattijo mai gida ya hau ya same ni ina gyaɗa kai, ya ce, "Masha Allah, wane shehi kake saurare?" Kunya ta sa na ce masa darasi ne. Ya yi mini addu'a har da dafa kafaɗa.

Na duba na ga mai jifansu ba shi da laifi, kayar da shi ake yi kafin ya ɗaga hannu. Me amfanin mai cafewa in ba a bar kowa ya jefa masa ba? Na tsaya a kan ƙaton. Ranar Talata bayan la'asar na faka motar aiki a gefen wani babban kanti, na rufe gilas don hayaniya, na yi saƙon murya na minti goma sha ɗaya. Sau biyu ina gogewa ina sakewa saboda na yi tuntuɓen harshe. Na fito jiƙe da gumi, amma raina fari.

Saƙon ya shiga, ba a buɗe ba. Laraba haka. Ranar Alhamis na rubuta masa, "Ustaz, ina naka?" Shiru.

Lokacin da suke zaɓen a can, mu nan asubahin Juma'a ne. Na daure ban taɓa waya ba sai da na fito daga masallaci. A tsaye a bakin ƙofar gidanmu na buɗe. Ƙaton suka ɗauka. Ga shi nan da kwat ɗin da ta matse masa wuya, yana rungume da uwarsa yana kuka. Masu sharhi duk sun faɗi, ni mai gyaran mukayyif na canka.

Na ɗaga hannu sama na ce, "Wallahi na faɗa!" Layin ba kowa sai kuliyoyi a kan kwandon shara. Na hau sama da gudu na samu mahaifiyata a kan darduma tana lazimi. Na jira ta shafa, na nuna mata hoton, na ce, "Ummi, kin ga wannan? Ni na ce shi za su ɗauka, kuma shi suka ɗauka."

Ta kawo wayar kusa da idonta. "Ɗan wa ne?"

"Ba ki san shi ba, ɗan Amurka ne."

"To me yake wa kuka?"

"Murna yake, ya samu aiki."

"Allah ya sa albarka," in ji ta. "Yalla, je ka sayo mana ful da tamis kafin layi ya yi tsawo."

Na je na sayo waken da burodin. Bayan mun karya na taka zuwa bakin teku na zauna a kan wani benci, na rubuta masa saƙo na goge, na rubuta na goge. A ƙarshe hoton kawai na tura. Na zauna ina kallon wayar har rana ta kore ni. Ban taɓa sanin cewa mutum zai yi daidai ya ji kamar an yi masa rashi ba sai ranar.

Kwana tara bayan nan ya kira. Ina jin ƙarar hanya a bayansa. Na shirya maganganu na ba'a iri-iri, amma muryarsa ta hana ni.

"Ya akhi, ka yafe ni," ya ce. "Na ga saƙon. Da na ga minti goma sha ɗaya sai na ce sai na samu natsuwa, natsuwar ba ta zo ba."

"Ka ga wanda suka ɗauka dai?"

"Wallahi ban ma san an yi ba sai da na ga hotonka."

Sai ya gaya mini abin da ban sani ba. Ya fi shekara da barin makaranta. Kaya yake rabawa a mota daga safe har dare. Rabonsa da kallon wasa ya manta. Ko hasashen bara da ya ci ni da shi, kan labari ya gani a waya ya maimaita mini don kada in ji ba daɗi. Shekara biyar muna magana, ban taɓa tambayarsa yaya karatu ba, don na ɗauka wanda ke Amurka ba shi da matsala.

Can ya ce, "Yaushe rabonka da Baba?"

Mahaifinsa yake nufi. Na fara lissafi a zuciya, na ji kunya na daina.

"Ƙanwata ta ce ƙafa ta kwantar da shi, ya bar tsire tun bara. Ni ba zan iya zuwa ba. Iƙamata, izinin zamana a can, ta mutu, takarduna na nan Amurka ba su fito ba, in na fita shi ke nan, ba dawowa. Kai kuma rabin awa ce tsakaninku." Sannan ya ce, "Ba laifi nake ba ka ba. Roƙonka nake."

Gaskiya haushi na fara ji. Kwana biyu ina ƙunƙuni ni kaɗai a kan rufin mutane, wai na ɓata wata biyu a kansa ko saurare bai yi ba. Ranar Juma'a da ta biyo baya bayan an sauko, na ɗauki motar na nufi Sa'alaba.

Ƙanwar abokina ce ta buɗe mini. Tana aure a wata unguwa, tana leƙowa ta kawo abinci ta koma. Tsohon yana kwance a ɗaki, ƙafarsa a kan matashi, mukayyif ɗin taga yana ƙara yana hura iska mai ɗumi. Ya daɗe yana kallona kafin ya ce, "Kai ne? Ashe kana garin."

"Ina nan, Baba."

"To, sannu da zuwa daga Ruwais mai nisa."

Na koma mota na ɗauko kayan aiki, na cire mukayyif ɗin na wanke shi a tsakar gida, na sa masa gas. Da sanyi ya fara sauka a ɗakin ya lumshe ido ya ce alhamdulillahi. Sai ya tambaye ni, "Kai da shi me kuke cewa a waya? Ni in ya kira, lafiya lau, lafiya lau, shi ke nan."

Na ce ƙwallo ce, Baba. Ya ce in ba shi labari. Na zauna a ƙasa kusa da gadon na fara masa bayanin zaɓen, yadda mai rauni ke fara ɗauka.

"Su yaran ana tambayarsu ko suna son garin?"

"A'a, Baba. Inda aka kira ka nan za ka."

"Uhm," ya ce. "Ni ma hajji na zo, wata biyu na ce wa uwata zan yi."

Ya ce in ci gaba. Na shiga zancen mai jifa da mai cafewa da ƙaton gefen hagu, hujja bayan hujja, duk abin da na zuba a saƙon nan. Ina tsaka da bayanin tsawon hannu na ɗaga kai na ga ya yi barci, bakinsa a ɗan buɗe. Ban tsaya ba. Na rage murya na ƙarasa har ƙarshe. Shi kaɗai ne mutumin da aka taɓa karanta wa hasashen nan gaba ɗayansa.

Daga ranar kusan kowace Juma'a ina can. Wani lokaci mu yi hira, wani lokaci ya yi barci in zauna in sha shayi in tafi. Kusan shekara biyu muna haka, har ranar da ƙanwar ta kira ni da hantsi tana kuka. Bayan la'asar aka yi masa salla. Abokina ya ce in bar wayar a kunne, na sa ta a aljihun gaban rigata, da ita na kama makara, da ita na tsaya har aka gama rufewa. Da mutane suka watse na ciro ta na ce, "An gama, ya akhi." Ya ce, "Kar ka kashe tukuna." Na taka har inda na ajiye mota, na zauna a ciki. Ina jin numfashinsa, yana jin nawa.

Ƙaton nan kuwa bai yi abin kirki ba. Gwiwa ta dame shi, bayan 'yan shekaru suka sallame shi, don haka ko cankar tawa ba ta amfani kowa ba.

Ba zan ce muku zumuncinmu ya koma kamar da ba, don bai koma ba. Yanzu yana da mata da 'ya'ya da ban taɓa gani ba sai a hoto, muna gaisawa da Salla, wani lokaci da azumi. Abin da ya rage mini shi ne na gane na haddace sunayen mutane ɗari da ba su san ina duniya ba don kawai in samu abin faɗa wa mutum ɗaya, alhali ina jin nauyin in ce masa na yi kewarka. Har yau ban faɗa masa ba. Sau da yawa in mun gaisa maganar takan zo mini har baki, sai in ji na ce masa ya gaida yara.