Hotunan Littattafan Malam Habu

Akwai wata Talata ta cikin damina da har yau ba ta bar raina ba. Lokacin ina shekara ta uku a wata 'yar cibiya mai adana tsofaffin takardu a nan Bauchi, ina mataki na bakwai na albashi, ni ke kula da kwamfutoci. Shugabar sashenmu Madam Rifkatu ce, 'yar kudancin jihar nan, mace mai tsare gida amma marar riƙo.

Aikinmu shi ne mu ari littattafan da aka rubuta da hannu, mu ɗauki hoton kowace warƙa, mu mayar wa mai su. A shekarar mun yi wata huɗu a kan akwatin Malam Habu, wani dattijo a Ƙofar Dumi. Kayan kakansa ne: fiƙihu, wasiƙu da waƙoƙin ajami. Bayan mun mayar masa, ba a yi sati uku ba aka tafka ruwa, katangar ɗakin da akwatin yake ta zube. Tawada irin ta da ba ta jure ruwa, takardun suka dame. Malam ya tako har ofis ya ce mana, "Allah ne Ya kawo ku a kan lokaci. Abin da ke hannunku shi kaɗai ya rage."

Ranar Litinin da ta biyo baya, kwamfutar da hotunan ke ciki ta ƙi tashi. Abin da kawai take nunawa shi ne baƙin allon nan da ake rubuta umarni. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan kun saba da maus, to a baƙin allo sai ka rubuta abin da kake so. Akwai 'yan umarni da ke cikin jikinsa, ba sai an saka su ba: dir ya nuna maka abin da ke cikin folda, md ya buɗe sabuwa, copy ya kwafa, del ya goge. Amfaninsu ke nan, ko komai ya mutu su suna nan. Ni kuwa ina alfahari da na iya su.

Na jona faifan ajiya na waje, na buɗe folda na sa mata suna malamhabu, na ba da umarni a kwafe duk hotunan zuwa cikinta. Sunayen hotuna suka yi ta gudu a allo, ɗaya bayan ɗaya. Da suka tsaya na ce shi ke nan. Na goge kwamfutar tas, na saka mata sabuwar manhaja, na tashi aiki da la'asar ina jin na yi abin kirki.

Washegari Madam ta ce in buga wa Malam wasu shafuka a takarda. Na jona faifan, na buɗe foldar. Babu komai. Na rufe na sake buɗewa. Babu komai. Na cire wayar faifan na mayar. A gefen foldar sai na ga wani ɗan fayil guda, sunansa malamhab. Babu harafin ƙarshe.

Na yi zaune ina kallon sunan nan. Ban ji shigowar Madam ba sai da ta dafa teburin.

"Sagir, lafiya? Ka yi fari fat."

"Madam, babu su."

"Mene ne babu?"

"Hotunan Malam. Duka."

Ta jawo kujera ta zauna a hankali. Ta ce, "Yesu!" Ni kuma sai innalillahi nake maimaitawa. Can ta tambayi inda katin kyamara yake. Na ce mun daɗe da goge shi, mun ɗauki wani aikin a kai.

Ga abin da ya faru. Idan ka ba copy fayiloli da yawa, ka rubuta masa sunan wurin da babu shi, ba ya tambayarka ko kuskure ka yi. Ɗauka yake so kake ya haɗe su su zama fayil ɗaya, kamar mai ɗinke takardun rubutu. Hoto kuwa ba rubutu ba ne, sai ya guntule kowanne daga farko-farko ya manna. Ni kuwa da zan ba da umarnin, malamhab na rubuta, na bar harafin ƙarshe. Kuma ya faɗa mini. Layin ƙarshe a allon ya ce fayil ɗaya aka kwafa. Ni ne ban karanta ba.

Madam ce ta fara dawowa hayyacinta. "Kashe kwamfutar nan yanzu-yanzu, kada kowa ya taɓa ta." Cikin umarnin baƙin allo babu wanda ke dawo da abin da aka goge. Sai da muka cire faifanta muka kai wa wani mai gyara a Fadaman Mada, wanda ke da manhaja ta musamman ta tono ɓatattun fayiloli. Kwana biyu tana tono. Yawancin hotunan sun dawo, amma babu suna babu jeri, wasu kuma sabuwar manhajar da na saka ta riga ta hau kansu.

Na roƙi Madam ta je wurin Malam ita kaɗai. Ta ce, "A'a. Tare za mu, kuma kai za ka yi magana."

Mun same shi a zaure. Na durƙusa na ce, "Allah gafarta Malam," na faɗi komai. Ya saurara yana kallon tabarma. Sannan ya ɗago.

"Injin ne ya yi ɓarnar, ko kai?"

"Ni ne, Malam."

"To. Gobe da hantsi ka aiko mai babur ya ɗauke ni."

Kwana tara dattijon nan yana zuwa ofis. A ƙasan kowace warƙa masu rubutu na da suna sa kalmar farko ta warƙar da ke biye, da ita ya riƙa jera mana hotunan, ina nuna masa a allo yana cewa wannan gaba, wannan baya. Fiƙihun ya cika, wasiƙun ma kusan duka. Abin da bai dawo ba waƙar da kakansa ya yi ce ranar da matarsa ta rasu. Malam ya ce mahaifiyarsa takan rera ta, bari ya gwada. Ya rera baiti tara, ya tsaya, ya sake komawa farko, ya sake tsayawa a wuri guda. Ya ce, "Daga nan ban sani ba." Ban taɓa jin nauyin aikina kamar a wannan lokacin ba.

Abin da nake so ku ɗauka shi ne, umarnin nan abin da ka rubuta suke yi, ba abin da kake nufi ba. Ku karanta layin ƙarshe. Ku sa dir ku ƙirga, ku buɗe wasu hotunan a wata kwamfutar da idonku, kafin ku goge ko da abu ɗaya. Kuma ku tuna abin da muke kira fayil, a wurin mai shi gadon gidansu ne.

Ba a kore ni ba, ba a ma ba ni takardar gargaɗi ba. Madam dai ta sa na rubuta baitocin tara a kundinmu kamar yadda Malam ya rera su. A ƙarƙashi ta ce in ƙara da hannuna cewa sauran waƙar a wurinmu ta ɓata, in sa sunana. Yana nan a shafin, duk mai so ya je ya duba.