Hannuwan da Suka Tura Ni: Ga Yaya Tak Sun-hwa

Da safiyar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, ina tsaye a bakin filin ƙanƙara ina yi wa ɗalibaina tsawa, sai wayata ta yi ƙara. Mijinki ne. Ya kasa haɗa magana, da ƙyar ya ce, "Da-in, yayarki ta tafi." Haka labarin rasuwarki ya iske ni, Yaya Sun-hwa, bayan jinyar wata bakwai a garinku Chuncheon, kina da shekara arba'in da shida.

Jaridu sun riga ni yabonki. Sun ce Tak Sun-hwa, gwarzuwar duniya sau uku a tseren sulu kan ƙanƙara na mita dubu da ɗari biyar. Sun tuna yadda kike lafewa can baya kamar wadda ta zo kallo, sai saura zagaye uku ki buɗe ta waje, inda hanya ta fi tsawo, ki shanye mutum biyar ɗaya bayan ɗaya, yatsunki na hagu suna shafar ƙanƙara a kwana. Duk gaskiya ne. Sai dai 'yan jarida ba su san bakinki ba, ni kuwa na sha shi har na ƙoshi.

Ina da shekara sha bakwai na shigo ƙungiyar ƙasa. A lokacin ƙanana ne ke wasa wa manya wuƙaƙen ƙarfen da ke ƙasan takalman sulunsu, kuma naki ne ya faɗo hannuna. Na yi awa guda ina gurza dutse, na kawo miki da hannu biyu ina jiran yabo. Kika goga farcenki a bakin wuƙar, kika ce, "Wannan ko awara ba za ta yanka ba." Na ji kamar in nutse. Amma kika zauna a ƙasa kusa da ni kika koya mini, kuma daga ranar ba ki sake bai wa wata ƙarama takalminki ba, da kanki kike wasawa.

A tseren 'yan huɗu ba sanda muke miƙawa ba. Mai karɓa takan shigo gaba ta ranƙwafa, wadda ta gama nata zagayen ta zo ta baya da gudu ta tura ta a ƙugu da hannu biyu. Ido gaba ake so. Ni kuwa ina da ciwon waiwaye, sai na leƙa na tabbatar ana zuwa. A wasan ƙarshe na gasar duniyar da na fara zuwa, na waiwaya daidai lokacin da turi ya iso. Kafaɗata ta karkace, na kife, na zubar da zinariyar mutum huɗu a gaban ƙasa baki ɗaya. Mahaifiyata ta yi wata guda ba ta shiga kasuwa ba saboda nuni.

Na haɗa kayana zan bar wasan, sai na iske ki tsaye a ƙofar ɗakin kwananmu.

"Ina zuwa?"

"Gida, Yaya."

"To, sauka lafiya. Amma ki sani har ki yi furfura, in an ce Pyo Da-in, za a ce au, wadda ta faɗi. Jikokinki ma abin da za su ji ke nan. Ajiye jakar nan ki biyo ni."

Shekara guda cur, kullum in an tashi daga atisaye kowa ya nufi ɗakin cin abinci, mu biyu muna kan ƙanƙara kina tura ni. In na ɗan juya kai, ki daka mini tsawa: "Me kika yar a baya? Wuyan nan sai na sa kafinta ya ɗaure shi!" Na tsane ki a watannin farko, ba zan ɓoye ba. Daga baya na haddace ƙarar wuƙaƙenki, har ya zama ko ido rufe na san sa'ad da tafin hannunki zai sauka.

Da gasar ta zagayo, muka sake kaiwa wasan ƙarshe. Ke ce kullum kike ɗaukar zagaye biyun ƙarshe, ba wanda ya taɓa tunanin wata. Da safe Koci Bang ya tara mu ya ce an sauya: Da-in ce za ta rufe, Sun-hwa ce za ta tura ta. Na ce, "Koci, ni?" Kika ce, "A'a, kakarki."

Muna na biyu lokacin da canjin ƙarshe ya zo. Na shigo gaba na ranƙwafa, turi bai zo ba. Ina jin wuƙaƙe a bayana, amma ba yadda na saba jin naki ba, ƙafa ɗaya tana ja. Layin da in aka wuce shi canji ya ɓaci yana ta matsowa. Duk jikina yana cewa in leƙa. Na cije leɓe na kafe idona a kwanar gaba. Saura ƙiris hannuwanki suka sauka, da ƙarfin da ban taɓa ji ba tun da nake wasa. Na kamo ta gaba a zagayen ƙarshe, na buɗe ta waje yadda na sha ganin kina yi, muka iso layi kafaɗa da kafaɗa, na zura ƙafar dama. Sai da aka duba hoto. Faɗin yatsa biyu ne tsakaninmu, kuma namu ne a gaba.

Filin ya kaure da ihu. Na juya ina nemanki, sai na ga cikin mu huɗu, uku ne kawai a kan ƙanƙara. Ashe kina sakina gwiwarki ta ɓalle, kika sulale kika daki bango. An ɗauke ki ana fita da ke, amma kin ɗaga dunƙulallen hannu sama kina ihu: "Ki ɗauki tuta mana, sakarya! Me kike kallo?" Na ɗauka, na zaga filin ina dariya ina kuka. Tun daga ranar ba wanda ya ƙara kirana wadda ta faɗi.

Ba ki sake tsere ba. Kika ce wa kowa tsautsayi ne, na yarda, shekara ashirin da ɗaya. Jiya a ɗakin makoki, bayan na ajiye farin fure a gaban hotonki, Koci Bang ya dogara sandarsa ya zo ya zauna kusa da ni.

"Da-in, ta sa na rantse ba zan faɗa miki ba tana raye. Kwana biyu kafin wasan likita ya duba gwiwar. Ya ce in ta huta aka yi aiki, tana da shekara huɗu a gaba, in ta shiga kuwa ba ruwansa. Na ce zan sa wata a madadinta. Ta ce, 'Koci, yarinyar nan hannuna kaɗai ta sani. Duk wadda ka sa a bayanta sai ta waiwaya.'"

Na yi fushi da ke jiya, Yaya, fushi na gaske, don kin hana ni in gode miki kina ji. Yau kuwa alfahari ne ya fi yawa, domin na san wadda ta tsaya a bayana.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarki, da mijinki Seol Min-uk, da abokan tserenmu biyu, da dukan ɗalibanki. Ke kuma Ye-seul, 'yar Yaya tilo, ɗingishin da kika taso kika ga mamanki tana yi, a bayana ta samo shi, kuma ko sau ɗaya ba ta goranta mini ba.

Allah ya jiƙanki, Yaya Sun-hwa, ya yafe kurakuranki, ya sa kin huta. Ya ba iyalinki haƙurin rashinki, mu ma ya ba mu.