Gadona da Baƙin Majalisa

Gadona na ƙarfe, wanda aka kawo ni gidan miji da shi, sau biyu ya taɓa barin ɗakina. Na farko ban yarda ba, ɗauka aka yi ina faɗa. Dalilin fitarsa kuwa asibitin ƙauyenmu ne, can gefen Ruwan Godiya a ƙasar Faskari.

Asibitin ɗaki biyu ne da baranda. Iska ta yaye rabin kwanon tun wata damina, jemagu suka tare a silin, awaki suka mai da barandar wurin kwana. Babu gado, babu ungozomar asibiti, sai ma'aikaci guda mai allura da ɗaurin ciwo. Mace in haihuwa ta zo mata da gardama, babur ake ɗora ta a nufi Faskari. A shekarar da nake ba da labari, 'yata ta fari ta dawo gida goyon ciki, don haka duk wanda ya ambaci asibitin nan da ni yake magana.

Ana gab da shuka labari ya zo cewa 'yan majalisar dokokin jiha, kwamitin lafiya, za su zo duba asibitin. Na yi murna har na yi guɗa a tsakar gida. Amma da maigidana ya dawo daga taron da aka yi a ƙofar dagaci, sai na ji abin da maza suka yanke. Wai manyan baƙi ba za su zo su tarar da mu a wulaƙance ba. A wajenmu ko tsaba ɗaya babu a rumbunka, baƙo ya tambaye ka gida, lafiya lau za ka ce, ka aika maƙwabta aron kwanon da za a sa masa tuwo. Haka aka yi wa asibitin. Aka shafe shi da farar ƙasa. Aka ari kwanon da aka tara don rufin masallaci aka ɗora aka danne da duwatsu. Aka je Yankara aka roƙo wata ma'aikaciyar jinya ta zo da fararen kayanta ta tsaya na yini guda. Mai kemis ya ba da kwalayen magani aka jera. Saura gado, sai aka bi ɗakunan mata.

Na tsaya a bakin ƙofa na ce, "Malam, mi za su gani in kun ɓoye masu komi?"

Ya ce, "Ke dai ba ki san mutunci ba. So kike a tahi Katsina ana hwaɗin mu matsiyata ne?"

Na ce, "To mi ne mu?"

Ya wuce ni ya shiga ɗakin. Ya sa aka kwance gadon aka fita da shi, har da zanen gadona mai fure.

Baƙin suka zo, maza ne duka, da manyan riguna. Mu mata muna leƙe ta katanga. Suka shiga suka fito suna gyaɗa kai. Shugaban kwamitin, wani dattijo mai tabarau, ya tambayi dagaci ko akwai wata matsala. Dagaci ya dafa ƙirji ya ce, "Alhamdu lillahi, sai godiya." Aka sha fura, aka ci naman rago, suka tafi. Washegari kwano ya koma masallaci, gado ya dawo ɗakina.

Naƙudar 'yata ta zo tsakiyar damina, da hantsi, ana yayyafi. Ta yini ba ta sauka ba. Muka ɗora ta a babur, ni a bayanta ina riƙe da ita, hanya duk taɓo. Kafin mu isa Faskari yaron ya koma. Ita Allah Ya bar mini ita. Na san rai da ajali na Allah ne, na kuma yi haƙuri da hukuncinSa. Amma na yi fushi da mutanen garinmu, fushin da ban taɓa yin irinsa ba, kuma ban ɓoye ba.

Da shekara ta juya aka karanta kasafin jiha a rediyo, muka ji za a gyara asibitocin ƙauyuka, namu babu. Maza suka hau zagin 'yan siyasa a dandali, wasu har suna shirin tafiya wajen wakilinmu na Abuja. Ƙanena malamin makaranta ne a Daudawa, shi ya zaunar da ni ya warware mini. Ya ce na Abuja guda ne, mu da Kankara da Sabuwa muke tarayya a kansa, aikinsa na tarayya ne. Amma a majalisar jiha kowace ƙaramar hukuma cikin ukun tana da nata wakili. Gwamna shi ke kawo kasafi, amma ba ya zama doka sai majalisa ta tace ta amince. Su kuma sun kasu kwamiti-kwamiti, na lafiya, na ilimi, na noma, kowanne ya fita ya duba, ya dawo ya faɗa wa zauren abin da idonsa ya gani.

Ya ce, "Yaya, sun zo su ga ciwo, kun nuna masu lahiya. Mi kike so su rubuta?"

Da can ni a zatona ɗan majalisa mutum ne da ke raba atamfa lokacin zaɓe, in ya ga dama ya haƙa rijiya da aljihunsa. Ranar na gane cewa idon gwamnati ne aka aiko mana har gida, muka rufe shi da hannunmu.

Na tara mata, waɗanda suka rasa 'ya'ya a hanyar nan da waɗanda suka ga an rasa. Ranar wata Asabar da muka ji wakilinmu na jiha ya zo gida, muka cika mota muka je. Zaurensa maƙil da maza, kowa da buƙatarsa. Wani mai tsaron ƙofa ya ce mu shiga ciki wajen Hajiya matarsa, nan ne wurin mata. Na ce ba Hajiya muka zaɓa ba. Aka yi dariya, maganar ta kai kunnensa, ya ce a bar mu.

Na gaishe shi yadda ya kamata, sannan na zayyana masa komai, tun daga kwanon masallaci har gadona. Ya riƙe baki. Ya ce shi ma yana cikin masu gyaɗa kai ran nan. Ya ce, "Baiwar Allah, ni murya ɗaya ne cikin talatin da ɗoriya. Zan tashi in kawo maganar gaban kakakin majalisa, in 'yan'uwana sun goya mani baya kwamiti shi koma. Amma ba mu shiga gari ba mu sanar da dagaci ba. Abin da za mu iske kuma yana hannunku."

Na ce, "Alhaji, ku dai ku zo. Sauran ka bar mani."

Sai da damina ta sake kamawa saƙo ya zo cewa suna tafe. Wallahi kamar ba a yi komai ba, na wayi gari na ga ana jiƙa farar ƙasa a ƙofar dagaci! Mutanen nan na kai masu bayanin ƙanena, sun ce gaskiya ne, amma da aka ce baƙi, jikinsu ya koma inda ya saba. Na bi gida-gida. Muka yi alkawari da mata: ba tsintsiya, ba zanen gado, ba gado. Da maigidana ya shigo da masu ɗauka, ya same ni zaune daram a tsakiyar gadon ina tsinkar zogale. Na ce in za a ɗauka a ɗauka da ni. Ya dube ni, ya dubi 'yarmu da ke gefe, ya sallami mutanen.

Ranar zuwan baƙin muka shimfiɗa tabarmi a ƙofar asibitin tun da safe muka zauna, don kada wani ya lallaɓo da bokitin farar ƙasa. Dagaci ya zo da kansa. Dattijo ne mai kirki, sa'an mahaifina, ban taɓa ɗaga ido na dube shi ba.

Ya ce, "Ɗiyata, asirin garin za ki tona?"

Na durƙusa na ce, "Ranka shi daɗe, bara mun ruhe shi. Ni na riƙo abin da ya biyo baya a kan babur."

Ya juya ya koma ƙarƙashin dalbejiya ya zauna.

An yi ruwa da asuba, don haka baƙin sun tarar da ɗakin haihuwa da ruwa kwance a ƙasa. Suka tattare riguna. Jemage ya tashi ya kusa cire wa wani hula. Dattijon mai tabarau ya tsaya yana kallon sama ta inda babu kwano, ya juyo ya yi wa dagaci tambayar bara. Na ga hannun dagaci ya nufi ƙirjinsa kamar bara. Ya ce, "Alhamdu lillahi." Ya sauke hannun. Sannan ya ce, "Abin da kuka gani bara aro ne. Wanga shi ne namu." Na san abin da maganar nan ta ci masa, kuma har gobe ina ganin girmansa saboda ita.

Aikin majalisa ba ya sauri. Rahoto ya shiga zaure, aka jira kasafi, kasafi ya jira sa hannu. Ni kuwa duk Asabar ɗin da na ji wakilinmu ya zo gida, ina zaurensa, har mai tsaron ƙofar ya daina tambayata. Cikin haka 'yata ta sake samun ciki, tana tsoro, ina tsoro. Da bazara aka rufe asibitin da sabon kwano, aka turo mana ungozoma, yarinya 'yar Kankara mai zafin nama. Gadaje ne aka ce suna hanya.

Naƙuda ba ta jira su ba. Da na ga alamar ta kusa, na kwance gadona da hannuna, na kira maigida ya kama mini.

Ya ce, "Gadon da kika rantse ba ya hita?"

Na ce, "Wancan karon ƙarya ya tahi yi. Kama mu je."

A kansa ta haifi 'ya mace, ana ruwa, ko ɗigo bai taɓa ta ba. Ban dawo da gadon ba, don mata da yawa sun biyo bayanta. Ni tabarma nake kwana har yanzu, bayana yana ciwo, kuma ranar Asabar mai zuwa ina da tambayar da zan yi wa wakilinmu a kan gadajen da ke hanya.