Sunan da Salihu Ya Samo a Shago

Salihu haifaffen unguwar Ka'akiyya ne a Makka, jikan wani Bakano da ya zo aikin hajji ya yi zamansa. Hausar Salihu ta gaisuwa ce da cin tuwo, sauran duk Larabci. Yana da ɗan shagon darduma da agogo a Aziziyya, kuma tun da ya iya cewa na gode da harshen 'yan Maleshiya ya ɗauki kansa malamin harsunan duniya.

Ya lura duk sa'ad da matan Maleshiya suka ɗaga darduma sai su yi murmushi su ce "mura, mura." Bai tambayi kowa ba, malami ai ba ya tambaya. Ya yanke cewa ma'anarta kyakkyawa.

Da matarsa Ummulkhairi ta haihu aka raɗa wa jaririya Hafsa, amma ya ce shi Mura zai kira ta. Mahaifiyarsa Ɗaso ta ajiye kofin shayi ta dube shi.

"Mura? Tari ne ya ƙare a kasuwa, ko atishawa ce ta yi tsada?"

"Inna, wannan na waje ne, ba irin naku ba."

"To Allah ya ba ta lafiya."

Sunan ya bi yarinya. Sai da ta fara tafiya wani alhaji ɗan Maleshiya ya ji uban na kiranta a shago. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce a wurinsu kalmar tana nufin araha. Ashe shekara da shekaru gulmar farashinsa ake yi a gabansa, shi kuwa yana ta godiya.

Salihu bai karaya ba. Ya ce dama can daga Japan ya ɗauko sunan. Ya yi ta jira har Allah ya kawo masa wani Musulmi ɗan Japan mai neman carbi, ya tare shi cikin zumuɗi da tambayar ma'anar Mura a harshensu. Mutumin ya rusuna ya ce, "Ƙauye."

Ranar Salihu ya rufe shago tun kafin la'asar, ya ce kansa ke ciwo.

Haihuwa ta biyu ta zo yana Muzdalifa yana sayar da laima. Ummulkhairi da Ɗaso suka zaɓi Nora, suka sanar da dangi kaf, sannan suka buga masa waya. Ya ce sunan ba laifi, sai dai ba shi da zurfi.