Gem ɗin Ɗangoggo

Yayana Lawal yau shekara ashirin da huɗu ke nan yana sayar da hatsi a bakin tashar Nyanya. Daga Malumfashi ya zo, da jakar kaya ɗaya da mudu. Ya fara da tura wake a baro, yau ga shi da rumfa mai ƙofar ƙarfe, buhunan gero da dawa har rufi. Duk direban da ke lodi a tashar ya san shi, don mudunsa ba lotsa a gindi, bakinsa kuma ba ya hutawa. Yana ciniki da Hausa, da Turancin buroka, da ɗan yaren Gbagyi da ya tsinta wajen manoman da ke kawo masa dawa. Mutum ne da zai tsaya ya yi hira da akuya in ta kula shi.

Mutum ɗaya ne kawai Yaya ba ya iya yi wa magana, ɗansa na fari, Abdulbasit.

A gidanmu kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Ba ka kiran sunansa, ba ka ɗaukarsa a gaban mutane, ba ka nuna kana ji da shi. Yaya shi ma ɗan fari ne, har Babanmu ya koma ga Allah "kai" yake ce masa. To barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Da aka haifi Abdulbasit ina zaune a gidansu, ni na yi ta goyonsa, sai Yaya ya samu mafita ya laƙaba masa Ɗangoggo. Ni ce goggon, sunana Mashkura. Ƙannen yaron kuwa, Sumayya da Hafizu, kullum suna wuyan ubansu, yana yi musu doki a tsakar gida kamar ba mai furfura ba.

Abdulbasit sikila ne. Uwarsa, Anti Rakiya, ciwon ya cire mata tata kunyar tun yana goye, don ba ka riƙe yaro yana murƙususu sannan ka tsaya tunanin al'ada. Yaya dai bai saki tasa kunyar ba. Shi ke sayen magani, shi ke neman masu ba da jini, ya taɓa taka ƙafa daga Nyanya har Karu da yaron a kafaɗa ranar da hanya ta cushe. Amma da sun isa asibiti sai ya miƙa shi, ya koma waje ya tsaya yana duban bango.

Mu da muka tashi a Malumfashi mun san ma'anar wannan. Yaron a Abuja ya tashi. Abokansa 'ya'yan maƙwabta ne daga ko'ina, yana gani iyayensu maza na ƙwala musu kira da sunansu, suna shafa kansu. Wata rana yana da shekara goma sha ɗaya, ina yanke masa farce, ya ce, "Goggo, wai Baba ya san sunana kuwa?" Na yi dariya na ce shi ya raɗa maka shi. Amma maganar ta zauna mini a ƙirji shekara biyu cur.

Bana likitoci suka ce ƙashin ƙugunsa ya lalace, sai an yi tiyata, kuma zai kwanta makonni a gadon asibiti. Yaron dama abu ɗaya yake so a duniya, gem. Akwai shago a layinsu inda yara ke biya su buga ƙwallo a talabijin, to tun da ƙafar ta tsananta ko can ba ya iya zuwa. Ranar Asabar kafin a kwantar da shi, Yaya ya zo mini yana sosa ƙeya, wai in raka shi kasuwar Wuse, zai duba wa yara abin wasa.

"Waɗanne yaran?" na ce.

"Yara dai," ya ce.

Mai shagon wani ne Innocent, irin 'yan Abujan nan da Hausarsu ba ta san mace ba ta san namiji ba. Ya ɗora mana abu biyu a kan tebur. Na farko ƙaramin farin akwati.

"Alhaji, wannan na gida ne, yana da araha. Ka jona shi da TV, mutum biyu, uku, su buga. Amma in light ya tafi, game ya ƙare." Ya ɗauko na biyu, mai faɗi kamar faranti, da gilashinsa a jiki. "Wannan kuma tsada, amma a hannu ake riƙe shi. Yana da battery. Ka buga a mota, ka buga a gado, ka ga dama ka jona da TV shi ma."

Yaya ko kallon akwatin bai yi ba. Na hannun ya ɗauka, ya auna nauyinsa a tafi kamar mai auna wake. Ya tambaya ko wanda ke kwance rigingine zai iya riƙe shi ba tare da hannu ya gaji ba. Ya tambayi awa nawa batir ke yi. Ya tambaya ko ana iya rage ƙara saboda marasa lafiya na kusa. Labarin zuciya a tambayi fuska, har Innocent ya fara neman kwalin na hannun.

Sai Yaya ya ajiye shi a hankali, ya nuna akwatin. "Ba ni wannan. Na yara ne duka."

Wallahi na ji kamar in fasa ihu a cikin shagon. Ba tsadar ce ta hana shi ba, na san abin da ya ɗauro a aljihu. Akwatin nan in ya shiga gida na kowa ne, ba wanda zai ce Lawal ya yi wa ɗan farinsa tsaraba. Na hannun kuwa dole a ɗauka a danƙa wa mutum ɗaya a gaban mutane. Na ce, "Yaya, araha ba ta ado fa." Ya yi kamar da Innocent nake.

Litinin aka kwantar da yaron, tiyata Laraba da azahar. Ranar Talata da la'asar ina zaune a gefen gadonsa, sai na ji 'yan jinya suna ƙus-ƙus. Na waiga, ga Yaya yana shigowa ɗakin da talabijin ɗin gidansu rungume a ƙirji, akwatin gem a cikin buhun gero a kafaɗa, wayoyi na jan ƙasa. Ashe haka ya warware wa kansa matsalar: abin na yara ne duka, aro kawai aka kawo wa mara lafiya. Tun daga Nyanya ya ɗauko su, mota biyu da keke mai ƙafa uku ɗaya.

Babbar nas ɗin ɗakin, Sista Magdalena, ta tare shi tun bai sauke ba. "Oga, ina za ka da wannan? Nan ward ne, ba gidan kallo ba. Socket biyu muke da shi, na injin marasa lafiya ne."

Yaya mai bakin da ke sayar da dawa ga wanda ya zo sayen shinkafa, ranar ya kasa haɗa magana. Ya tsaya da talabijin a hannu, gumi na ɗiga daga gemunsa, mutane na dariya ƙasa-ƙasa. Abdulbasit ya dube shi, ya dubi buhun, ya ce, "Ba komai, Baba. A mayar wa su Hafizu, dama nasu ne." Ya juya fuskarsa bango.

Na bi Yaya har baranda. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Na ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, gobe za a shiga da yaron nan ɗakin da ba kowa ke fitowa ba, kuma zai shiga yana zaton ubansa ya saya wa ƙannensa gem shi an kawo masa aro. Sannan na faɗa masa tambayar da yaron ya yi mini shekara biyu da suka wuce.

Yaya ya ce, "Mashkura, ni ma Baba bai taɓa kiran sunana ba."

"To ka ji daɗi?" na ce.

Ya gyara riƙon talabijin ɗinsa ya sauka. Na tsaya ina kallonsa daga sama har ya fita ƙofa, haushina ya koma tausayi, don na tuna ranar da aka binne Baba, Yaya ne ya fi kowa kuka.

Laraba rumfar ba ta buɗu ba, abin da bai taɓa faruwa ba sai ranar salla. Wanda ya san hanyar Nyanya da safe ya san mutum na iya tsufa a cikin mota. Sha ɗaya ta yi ba Yaya, sha biyu ta wuce ba Yaya. Aka sa wa yaron rigar tiyata, aka turo gado mai taya. Anti Rakiya na ta tofa masa addu'a, shi kuma idonsa na ƙofa, ko da yake yana yi kamar ba can yake kallo ba.

Ana ɗora shi a gadon, sai Yaya ya faɗo ɗakin yana haki, ƙafarsa duk ƙura. Ashe Wuse ya koma, ya mayar wa Innocent akwatin, ya yi ciko, ya karɓo na hannun, daga ƙarshe ma sauka ya yi daga mota ya ƙarasa da gudu. Ya miƙo mini kwalin. "Ba shi."

Na naɗe hannuwana a ƙirji na kalli silin. Ya miƙa wa Anti Rakiya, ita ma Allah ya yi mata albarka, ta shiga gyaran mayafi. Ba yadda ya iya, ya taka da kansa ya ɗora a kan cikin yaron.

Abdulbasit ya danna, gilashin ya kawo haske. Irin waɗannan na'urori sai an sa sunan mai su, kuma ga shi nan a sama ɓaro-ɓaro: Abdulbasit Lawal.

"Wa ya sa sunan?" ya tambaya.

"Mai shagon ne," Yaya ya ce, yana kallon ƙarfen gado. "Ya ce sai na faɗa masa sunan mai abin. Kurma ne, sai da na faɗa sau uku."

Sista Magdalena ta ce lokaci ya yi, kuma ba a shiga da komai. Yaron ya miƙa wa ubansa gem ɗin, aka fara tura gadon. Sun kusa ƙofar da ba a bari dangi su wuce, sai na ji murya ta cika barandar nan.

"Abdulbasit!"

Masu turawa suka tsaya. Yaron ya ɗago kai da sauri har sai da nas ta dafa shi. Yaya ya tsaya baki buɗe, don ya kira sunan ne bai tanadi abin da zai faɗa ba. Ya dubi abin da ke hannunsa.

"Zan... zan yi maka caji kafin ka fito."

"To, Baba," yaron ya ce.

Awa huɗu aka yi ana aikin. Yaya ya samu soket a wajen masu gadi, ya tsuguna a gabansa da gem ɗin a cinya, bai tashi ba sai don salla. Batir ya cika tun a awar farko, na gani da idona, amma bai cire ba har sai da aka fito aka ce yaron ya farka yana tambayar ina Babansa.