Hotunan Muntaka Dillali

Muntaka bai taɓa tuƙa mota ba, ko keke sai da ya yi gemu ya koya, amma shekararsa ashirin da biyu yana dillancin motoci a bakin tashar Matameye. Ɗan Dawce ne, da tallan goro ya fara, bakinsa ya kawo shi nan. Kai, Muntaka da baki! Ya kama ka da zance, sai ka manta abin da ya fito da kai daga gida.

Yana da wata al'ada: duk motar da ya sayar, sai ya tsaya da mai saye a gabanta an ɗauke su hoto, ya liƙa a rumfarsa. Da hotunan nan yake auna kasuwa. In ka tambaye shi wace mota aka fi saye, sai ya ce wadda direbobi ke kira Gajeriya, ya nuna maka bango. Shi har ransa ya yarda da haka.

Bara sandikar direbobi, wato ƙungiyarsu, ta yi niyyar sayen motoci uku. Sakatarenta, Malam Abdulra'uf, ya ce Muntaka da abokin hamayyarsa Sadisu kowa ya kawo shaidar irin motar da ta fi fita, wanda ya rinjaya shi za a ba cinikin, shi ne kuma dillalin sandika daga ranar. Aka sa ranar kasuwa, tasha ta cika.

Sadisu ya kawo kwafin takardun mota tara, duk na wata doguwa. Muntaka ya yi dariya, ya baje hoto ashirin da uku a tabarma.

Malam Abdulra'uf ya gyara tabarau, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, bai dubi fuskar kowa ba, lambar mota yake dubawa. Can ya ɗago.

"Malam Muntaka, ai mota huɗu nake gani. Wannan ma sau goma sha ɗaya ta fito, fenti kawai take sakewa."

"To ai sau goma sha ɗaya na sayar da ita!"

"Haka ne. Naka fa, Sadisu, nawa suka dawo?"

"Ko ɗaya," in ji Sadisu.

Wani direba ya leƙa tabarma ya ce, "Lalala, tawa ce, wata biyu na yi da ita na mayar." Wani ya ce shi a hanyar Yauri ta lalace ta ajiye shi da fasinja. Aka kwashe da dariya, har mai shayi. Muntaka ya bi hotunan da kallo. Wallahi bai taɓa haɗa lissafin haka ba, duk sanda ta dawo murna yake yi wai kasuwa ta buɗe.

Sai ga wani dattijo ya ratso mutane, ashe wan Muntaka ne, Illa, ya shigo kasuwa daga Dawce. Dariya ta tsaya. Ya duƙa ya ɗauki hoto guda, ya daɗe yana kallo.

"Ni ne na shida da ya saye ta," ya ce. "Ka ce min ita aka fi saye, Muntaka. Shanun nomana biyu na sayar."

"Yaya..."

Bakin nan da ba ya mutuwa ya mutu. Kunya ta rufe shi, ya rasa inda zai sa idonsa. Illa ya ajiye hoton a hankali, ya je gindin bishiyar bedi ya kwance jakin da ya zo a kai.