Ni ke riƙe wayar, Bashiru ke shan albarka

Jiya na shiga gidanmu a Bakura da cefane, na iske Inna ta ci kwalliya har da turare, sai ka ce waya na jin ƙamshi. Ashe ƙanena Bashiru zai kira ta bidiyo daga Legas.

Na ce, "Ina wuni, Inna?"

"Lahiya lau. Riƙe mani wayar, hannunka ba ya rawa."

Na riƙe, Bashiru ya kira. Ta tambaye shi aiki, gajiya, har murar da ya yi bara. Sannan ta ce, "Allah shi yi maka albarka, kai kaɗai ba ka mantawa da ni."

Ni da nake zuwa kullum fa?

Jama'a, ko gobe in tsaya ƙofar gida in kira ta bidiyo?